An Yi Ciko, Ciwo Bai Tafi Ba: Wa Zai Biya Aiki Na Biyu?

A asibitin haƙori kuɗi ne kan gaba. Ka yanki kati, a leƙa bakinka, a rubuta abin da za a yi maka da farashinsa, ka je tagar biya ka dawo da rasit, sannan a kwantar da kujera a zuƙo allura. Kowa ya saba da haka, ba a kuma cika jayayya a kai ba. Inda jayayyar take shi ne bayan mako biyu ko uku, ranar da mutumin da aka yi wa ciko, ko aka kashe wa jijiya, ya dawo dafe da kunci, idanunsa jajur don rashin barci, yana cewa, "Likita, wallahi gara jiya da yau." A sake dubawa, a ce sai an buɗe aikin, ko kuma haƙorin ba zai tsira ba sai dai a cire. Bai gama haɗiye wannan ba, an miƙo masa wata takardar biya.

Shi majinyaci a ganinsa lafiya ya saya, tunda kuwa ba a ba shi ita ba, bashi yake bi. Shi kuma likita a ganinsa aiki ya sayar, kuma ya yi shi: ya ƙona man janareta, ya kashe allura da kayan ciko da ake shigowa da su daga waje da dala, ya shafe awa guda a sunkuye a kan bakin mutum. Kowannensu da gaskiyarsa. Abin da ya haɗa su faɗa shi ne ba wanda ya tayar da zancen tun farko, ba kuma wata takarda da ta faɗi abin da zai biyo baya in aikin bai ci ba.

Sai dai kafin a taɓa aljihun kowa, akwai tambayar da ta riga ta kuɗi: mene ne ainihin abin da ke ciwon? Amsarta ce ke nuna inda nauyi ya kamata ya faɗa, ita ce kuma ke hana a biya kuɗin aikin da tun asali bai kamata a yi shi ba.

Haƙori abu ne mai rai. Ƙarƙashin farin ɓawon nan mai tauri akwai wani sashe mai cike da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, a can tsakiya kuma akwai ɓargon haƙorin, inda jijiya da hanyoyin jini suke. In aka sa inji aka goge ruɓa, zafin gugar da girgizar suna isa ga jijiyar. Shi ya sa haƙorin da aka yi wa ciko yakan yi tsami in an sha ruwan sanyi, na 'yan kwanaki, wani lokaci na 'yan makonni. Wannan ba laifin kowa ba ne, ba ya kuma buƙatar sabon aiki. Alamarsa ɗaya ce: kullum raguwa yake yi.

Akwai kuma ciwon da minti goma ke maganinsa, amma mutane su kwana da shi wata guda. Lokacin da ake ciko bakin mutum a mace yake da allura. Likita ya ce, "Cije mu gani, ya ka ji?" Mutumin da ko leɓensa ba ya ji ya gyaɗa kai ya ce daidai ne. Sai allura ta sake shi ya tarar cikon ya ɗan yi tudu, duk tauna a kansa take fara sauka kafin sauran haƙora su haɗu. Kwana uku ana dukan haƙori ɗaya, tushensa ya yi tsami, ko tuwo ba ya taunuwa a ɓangaren. In ya koma, likita zai sa masa wata siririyar takarda mai shuɗin tawada tsakanin haƙora, ya ce ya cije ya goga. Inda tudun yake zai fito da ɗigon shuɗi, a shafe shi da inji, shi ke nan. Duk asibitin da ya karɓi kuɗi a kan wannan gyara, a ganina, ya karɓi abin da ba nasa ba, domin ƙarasa aikin farko ne.

Wanda ya fi jawo rigima shi ne kogo mai zurfi. Mutanenmu ba sa zuwa wurin likitan haƙori sai kanumfari ya gaza, ruwan gishiri ya gaza, mai kyamis ya gwada Amoxil da Flagyl da diklofenak duk sun gaza. Kafin nan ruɓar ta kusa cim ma jijiya. Likita yana da zaɓi biyu: ya kashe jijiyar nan take, aikin da kuɗinsa ya ninka na ciko sau da yawa, ko ya yi ciko da fatan jijiyar za ta farfaɗo. Da yawa sukan zaɓi na biyu, kuma ba mugun zaɓi ba ne, haƙori mai rai ya fi matacce ƙarko. Amma gwaji ne. In jijiyar ta riga ta kumbura ta wuce dawowa, ciwon zai canza salo: zogi mai bugawa, ya fi tsananta da dare in an kwanta, shayi mai zafi ya tayar da shi ya daɗe bai lafa ba. Yanzu kashe jijiya ya zama dole, kuma sabon aiki ne na gaske, da kayansa da lokacinsa. Cikon bai jawo ciwon ba, ruɓar da ta riga shi ce ta jawo. Laifin likita a nan, in akwai, ba a hannunsa yake ba, a bakinsa yake: bai ce wa mutum tun farko, "Malam, ramin nan ya yi zurfi, za mu gwada ciko, in bai yi ba sai an kashe jijiya, kuɗinta kaza ne" ba. Wanda aka faɗa wa haka in ya dawo ba ya zuwa da faɗa. Likitoci masu sanin ya kamata sukan cire kuɗin cikon daga na aiki na biyu, ba don wata doka ta tilasta musu ba.

Shi kansa kashe jijiyar ba kullum yake ci ba, ko a hannun gwani. Aikin shi ne a bi kowace hanya da ke cikin saiwar haƙori da wasu siraran ƙarafa, a kwashe ɓargon, a wanke, a toshe. Turmin farko na sama saiwa uku gare shi, amma a mafi yawan mutane hanyoyi huɗu ne a ciki, ta huɗun kuma siririya ce ƙwarai, a ɓoye take, ba kasafai ake ganinta ba sai da gilashin ƙara girma. In aka tsallake ta, ƙwayoyin cuta na nan zaune a ciki, bayan watanni ƙurji ya fito a dasashi yana fitar da mugunya. Wani lokaci ƙarfen ne ke karyewa a cikin hanyar. Wani lokaci haƙorin yana da tsaga da hoton X-ray ba ya nunawa. Sau da yawa kuma an gaya wa mutum ya dawo a sa wa haƙorin hula, da ciwo ya lafa ya ɗauke ƙafa, sai ranar da ya ci karo da tsakuwa a shinkafa haƙorin ya rabe biyu. A cikin waɗannan huɗun, na ƙarshe kaɗai ne za a iya nuna mai laifi ba tare da gardama ba.

Cirewa ma tana da nata. Gudan jinin da ke toshe ramin shi ne rufin ƙashi. In ya fita, saboda kurkure baki da ƙarfi, ko zuƙar taba, ko yawan taɓawa da harshe, ƙashin ya zauna a buɗe. A kwana na biyu zuwa na huɗu ciwo ya taso har kunne, baki ya yi wari. Yana samun kamar mutum 2 zuwa 5 cikin 100 da aka cire wa haƙori, ya fi haka yawa in turmin ƙarshe na ƙasa ne. Wanke ramin ake yi a sa magani a ciki, aikin da bai kai a yi cacar baki a kan kuɗinsa ba.

Ciwon da ba a haƙori yake ba

Wannan ne ya fi cin kuɗi da haƙoran mutane, shi ne kuma aka fi jahilta. A shekarar 2010 Donald Nixdorf na Jami'ar Minnesota a Amurka da abokan aikinsa suka tattara bincike 26 da aka yi kan mutanen da aka kashe wa jijiyar haƙori. Suka samu cewa kusan kashi 5 cikin 100 suna nan da ciwo bayan wata shida ko fiye. A wani nazarin da suka fitar a shekarar, sun ƙiyasta cewa kashi 3 da ɗoriya cikin 100 ciwon nasu ba daga haƙorin yake fitowa ba sam. Wato fiye da rabin masu wannan ciwo mai naci, ko an sake buɗe haƙorin sau goma ba abin da za a tarar.

Ta ina yake fitowa? Saiwoyin turamen sama suna dab da wani kogo a cikin ƙashin kunci wanda ke haɗe da hanci. In mura ta zauna a kogon, haƙoran sama uku ko huɗu sukan yi ciwo tare, ya ƙaru in an sunkuya, kamar a ruku'u ko sujada. Naman muƙamuƙi na masu cizon haƙora cikin barci yakan tura ciwo zuwa turame. Akwai ciwon babbar jijiyar fuska mai rassa uku, wanda ke zuwa farat ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi, alwala ko iska ko aswaki su tayar da shi. Maganinsa irin wanda ake ba masu farfaɗiya ne, ba filaya ba. Akwai jijiyar da ta ji rauni lokacin aikin ta ci gaba da aika saƙon ciwo alhali wurin ya warke. Har ciwon zuciya yakan bayyana a muƙamuƙin ƙasa, musamman in yana tasowa da tafiya ko hawan bene.

Mai irin wannan ciwo yakan nuna haƙori da yatsa ya rantse shi ne. A yi ciko, bai tafi ba. A kashe jijiya, bai tafi ba. Ya ce a cire ya huta. A cire, ciwon ya koma na kusa da shi. A haka ake samun mutum da giɓin haƙora uku a jere da ciwonsa cur, kowane mataki kuma shi ya biya, da roƙonsa ma aka yi. Likitan kirki yakan gwada kafin ya taɓa: ya sa sanyi a haƙorin, ya ƙwanƙwasa shi, ya ɗauki hoto, ya sa allurar kashe zafi a wurin ya ga ko ciwon zai ɗauke. In bai ɗauke ba, ba nan yake ba. Likitan da ya ce maka, "Ban ga abin da zan yi wa haƙorin nan ba, je ka ga likitan jijiya ko na hanci," ya yi maka aikin da ya fi ciko daraja, ko da ka fita kana ƙunƙuni.

Yadda wasu suka yanke gardamar

A Ingila, wanda aka yi wa aiki ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS ba ya ciniki da likita. Aikin haƙori kashi uku ne, kowanne da farashinsa: a farashin da aka sa a Afrilun 2025, fam 27.40 na dubawa, fam 75.30 na ciko da cirewa da kashe jijiya, fam 326.70 na hula da haƙoran roba. In cikin wata biyu da gama aiki ka buƙaci wani aikin a kashi ɗaya da wanda ka biya ko na ƙasa da shi, ba ka ƙara ko sisi. In kuma ciko, ko kashe jijiya, ko hula ta lalace cikin wata 12, likitan da ya yi shi zai gyara ko ya sake kyauta. Akwai togaciya: in wani likitan ya taɓa haƙorin a tsakani, ko rauni ka ji, ko tun farko an ce maka aikin na wucin gadi ne, lamunin ya faɗi. A Jamus dokar inshorar lafiya ta ɗora wa likita lamunin shekara biyu kan ciko da haƙoran da aka ƙera, in kuma an yi saɓani asusun inshora yana iya tura mutum wurin wani likita mai zaman kansa ya duba aikin ya rubuta hukuncinsa.

Ba wai can aljanna ba ce. A Ingila samun likitan da zai karɓe ka a farashin gwamnati ya zama abin kuka. Amma abin lura shi ne dokokin nan ba su tsaya neman mai laifi ba. Sun yanke wa'adi ne kawai: cikin wannan lokaci nauyi na mai aiki ne, bayansa naka ne.

A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fita kai tsaye. Dokar NHIA da aka sa wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya, jihohi ma suna da nasu tsarin, kamar KSCHMA a Kano, amma rabon haƙori a ciki kaɗan ne: ana biyan dubawa da wankewa da ciko da cirewa, hula da gada (haƙorin da ake toshe giɓi da shi a jingina shi da na gefe) da dashen haƙori kuwa suna cikin abin da tsarin tarayya ya keɓe ba ya biya. Haƙorin da aka kashe wa jijiya kuma hular ce ke tsare shi.

Ba a ce babu doka ba. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda aka yi wa aiki ƙasa da ingancin da mai hankali zai zata damar neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Kundin haƙƙoƙin majinyata guda 12 da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a Yulin 2018 ya tanadi haƙƙin a yi wa mutum bayani da harshen da yake fahimta, a fayyace masa kuɗi, ya kuma kai ƙara. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, MDCN, tana karɓar koke in an haɗa shi da takardar rantsuwa ta kotu. Kwamitinta ya bincika, kotunta ta ladabtarwa ta gargaɗi likita, ko ta dakatar da shi, ko ta soke sunansa. Sai dai ba ta sa a biya ka diyya. Wannan sai kotun ƙasa, inda za ka tabbatar da cewa likitan ya yi abin da ƙwararre mai kula ba zai yi ba, ka kuma samo wani likitan ya ba da shaida a kan abokin sana'arsa. Kuɗin lauya kaɗai ya sayi hular haƙori da yawa. Shi ya sa yawancin maganganun nan a ofishin likita suke ƙarewa, da "a yi haƙuri" da ɗan ragi, ko da "na bar ka da Allah".

Abin mamaki, malamanmu na zaure sun daɗe da karanta wannan mas'ala. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane ɗalibin fiƙihu a ƙasar Hausa ya bi ta kanta, ta halatta a yi sharaɗi da mai magani a kan warkewa: in an warke a biya shi, in ba a warke ba babu. Wannan daban yake da ijara, inda aikin ake biya ko an dace ko ba a dace ba. Mukhtasar na Khalil har ya kawo misalin haƙori: ka ɗauki mutum ya cire maka shi, kafin ya cire ciwon ya lafa, to yarjejeniyar ta warware. Ya kuma lissafa mai maganin da ya yi aiki da jahilci ko ya yi sakaci cikin masu ɗaukar lamuni, diyyar haƙori ɗaya kuwa raƙuma biyar ce. Malaman sun gane cewa ciniki iri biyu ne, kuma dole a san wanne aka ƙulla. Abin da ke faruwa a asibitocinmu shi ne likita ya ƙulla ijara a ransa, majinyaci ya ƙulla sharaɗin warkewa a nasa, kowa ya yi shiru.

Babu likitan haƙori mai hankali da zai yi alkawarin warkewa, jiki ba ya karɓar umarni. Amma yana iya alkawarin abin da ke hannunsa, kuma ana iya tambayarsa kafin kujera ta kwanta: in cikon nan ya fita cikin wata shida fa? In sai an kashe jijiya, za a cire min abin da na biya? Kuɗin da aka faɗa har da hula ko ban da ita? A rubuta amsar ko a bayan rasit ne. A kuma ɗauki hoton X-ray ɗin haƙorin da waya, na kafin aiki da na bayansa, domin shi ne abin da likita na biyu zai duba ya san ko an cike hanyoyin saiwa har ƙarshe. In ciwo ya dawo, a fara komawa wurin wanda ya yi aikin, ko da zuciya ba ta so. Da zarar wani ya sa inji a haƙorin, na farko ya sami mafita, hujja kuma ta goge.

Akwai lokacin da ake ajiye zancen kuɗi gaba ɗaya. Kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko ya haura wajen ido, zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar miyau ta gagara, musamman ga mai ciwon sukari: wannan mugunya ce ke bin wuya, tana iya toshe numfashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Asibitocin koyarwa na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri duk suna da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi, can ake nufa a daren, ba kyamis ba.

Duk wannan bayani ya shafi wanda likita mai rajista ya yi wa aiki ne. Da yawa ba su san cewa ba duk mai farar riga a shagon haƙori ne likita ba. Akwai masu wanke haƙora da masu ƙera haƙoran roba da huluna, kowanne da makarantarsa da hukumar da ke masa rajista da iyakar aikinsa, kashe jijiya kuwa ba ya cikin aikin kowannensu. Akwai kuma wanda bai karanta komai ba, ya koya ne a gefen wani. A Kano hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu takan rufe irin waɗannan wurare in ta kama su, amma rufe shago ba ya mayar wa kowa kuɗinsa.

Sai kuma haƙorin Makka. Alhaji ko Hajiya su zauna a wani shago ana saura kwana kaɗan jirgi ya tashi, a goge lafiyayyen haƙori, a kifa masa hular zinare ko ta azurfa. In ta zauna daidai, ta yi shekaru ba a ji komai ba. In bakinta bai kama jikin haƙorin ba, abinci yana shiga ta ƙasa, ruɓa tana ci a ɓoye ƙarƙashin ƙyalli, hoto ma ba ya ratsa ƙarfen ya nuna ta sosai. Bayan shekara ɗaya ko biyu dasashi ya kumbura, zogi ya taso. Mai shagon yana hayin Bahar Maliya, ba rasit, ba ma wanda ya riƙe sunansa. Likitan da ke Kano ko Zinder zai yanke hular, ya kashe jijiya in haƙorin zai tsira, ya yi sabuwa, ya kuma yi lissafinsa tun daga kuɗin kati.